Allurar kumburi da dokin da ke ɗingishi kafin hawan Sallah

Wani mai dawaki daga ƙasar Argungu ya aiko mini da tambaya a kan ingarmansa ɗan shekara 7. Ya ce dokin ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama bayan kilisar yamma, sai yaron barga ya sayo kwalbar fenilbutazon, wata allurar rage ciwo da kumburi, a kantin maganin dabbobi, ana yi masa sisi 15, wato mililita 15, kullum, yau kwana 6 ke nan. Idan an yi allurar yakan taka ƙafar kamar ba abin da ya same shi, amma kafin a kwana a tashi ɗingishin ya dawo. Yanzu wani abokinsa ya ba shi shawarar ya ƙara da wasu allurai biyu, fuluniksin da deksametazon, domin dokin ya miƙe kafin hawan Sallah, wanda ya rage mako 2. Yana son ya san ko haɗin yana da illa, da kuma tsawon kwanakin da za a iya ci gaba da allurar.

Alhaji, Allah ya ba dokin lafiya. Zan fara da abin da nake so a yi yau, kafin bayani ya yi tsawo. Kada a haɗa magungunan nan uku, a dakatar da fenilbutazon ɗin, a ajiye wa dokin ruwa a gabansa dare da rana, sannan a kira likitan dabbobi ya ɗaga ƙafar ya bincika kofaton. Ɗingishin da ke tafiya idan an yi allura, ya dawo idan ta sake shi, har tsawon kwana 6, yana gaya maka cewa abin da ya kawo shi yana nan daram, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kuma yawan maganin da ake ba shi ya wuce iyaka, kamar yadda lissafi zai nuna a gaba.

Idan Bahaushe ya ce kumburi, abin da ido ke gani yake nufi, wato wuri ya tashi. A wajen likita kalmar ta fi haka faɗi, domin tana nufin martanin da jiki ke mayarwa duk lokacin da wani sashe nasa ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, a fata ne ko a cikin gaɓa ko a bangon hanji inda ba mai gani. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin ƙasar Rum mai suna Selsus ya lissafa alamominsa huɗu, wato ja da tashi da zafi da ciwo, daga baya aka ƙara ta biyar, wadda ita ce gaɓar ta kasa aikinta. Ɗingishin dokinka shi ne wannan ta biyar ɗin. Idan ƙwayoyin halittar wani wuri suka ƙuje ko suka fashe, wani irin kitse da ke bangonsu yana fita, sai wani sinadarin jiki da ake kira COX ya sarrafa shi ya zama wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Su furostagilandin ɗin ne ke buɗe hanyoyin jini har wurin ya yi ja ya ɗau zafi, su ne ke ƙara wa jijiyoyin jin ciwo kaifi ta yadda taɓawa kaɗan ma azaba ce, kuma su ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki ya zama zazzaɓi. Jiki yana yin haka ne domin ya kawo fararen ƙwayoyin jini wurin da aka yi ɓarna, ya kuma tilasta wa dabba ta huta da gaɓar har ta warke. A shekarar 1971 ne wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar toshe wannan sarrafawar, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Fenilbutazon da fuluniksin da ketofurofen da meloksikam da diklofenak duk 'yan gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya suke rufewa.

Wahalar da ke cikin lamarin ita ce furostagilandin suna da wasu ayyuka a jikin lafiyayyen doki, ayyukan da ba ruwansu da ciwo. Su ne ke sa bangon ciki ya fitar da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, su ne ke riƙe gudun jini a bangon hanji, kuma idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki su ne ke buɗe hanyoyin jinin ƙoda don kada ta bushe. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa COX ɗin iri biyu ne. COX-1 shi ne ke riƙe da yawancin waɗannan ayyuka na kullum, shi kuwa COX-2 yana yawaita ne a inda aka ji rauni. Fenilbutazon da fuluniksin ba sa bambancewa, duka biyun suke dannewa. Saboda haka duk allurar da ta sauƙaƙa wa ƙafar dokinka, ta kuma janye wani abu daga kariyar cikinsa da hanjinsa da ƙodarsa, kuma abin da ke raba amfani da ɓarna shi ne yawan maganin, da yawan kwanakin, da yawan ruwan da ke jikin dokin.

To, ga lissafin. Ana auna fenilbutazon ne da nauyin doki, miligiram 2.2 zuwa 4.4 ga kowane kilo, kuma mafi yawan abin da ake yarda da shi a yini shi ne 4.4 sau biyu, na kwana ɗaya ko biyu kawai, sannan a rage. Kwalbar allurar da aka saba sayarwa tana ɗauke da miligiram 200 a kowane mililita, wanda ake kira sisi a barga. Adadin da mutane suka haddace an ɗauko shi ne daga manyan dawakin Turai masu kilo 500, alhali dawakinmu na Arewa da yawansu suna wajen kilo 300 ne. Ba sai da sikeli ake sanin nauyin ba. A ɗauki tef ɗin tela a zagaya ƙirjin dokin inda majayi ke zama, a auna tsawonsa daga ƙashin kafaɗa na gaba zuwa ƙarshen ƙashin ɗuwawu, duka da santimita, sai a ninka awon ƙirjin da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Dokin da ƙirjinsa ya ba da 160, tsawonsa 140, yana da kilo 302. Irin wannan doki allurarsa mafi girma sisi 6 da rabi ce, ta ci gaba kuwa sisi 3 da ɗan abu. Idan dokinka yana kusa da haka, sisi 15 na nufin miligiram 10 a kowane kilo a zuba ɗaya, wato fiye da abin da aka yarda a ba shi a yini guda ko a ranar farko, ga shi kuma an yi kwana 6 ana yi. Fenilbutazon yana da wani hali mai haɗari: idan aka yawaita shi, hanta tana rage saurin fitar da shi, sai na jiya ya haɗu da na yau ya taru a jiki.

Mutane suna ƙara yawan maganin ne bisa tunanin cewa ƙari zai fi kashe ciwo, kuma an gwada wannan tunanin. A jami'ar jihar Oklahoma a Amurka, an ɗauki dawaki masu daɗaɗɗen ɗingishi aka ba su 4.4 a kowane kilo a yini, a wani zagayen kuma aka ba su ninkinsa, aka auna yadda suke taka ƙafa a kan wani faranti mai auna nauyin taku. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna ninkin bai ƙara sauƙin ciwo ba. A wannan jami'ar dai, Charles MacAllister da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 1993 inda suka yi wa lafiyayyun dawaki allurar fenilbutazon ko fuluniksin ko ketofurofen duk bayan awa 8 har kwana 12, suka duba cikinsu da hanjinsu da ƙodarsu. Fenilbutazon ya fi yin ɓarna, fuluniksin na biye da shi, ketofurofen ya fi sauƙi. Tun kafin wannan, a shekarun 1980, Peter Lees da Andrew Higgins a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan sun riƙa tayar da ɗan ƙaramin kumburi a ƙarƙashin fatar wuyan ƙananan dawaki suna ɗibar ruwan da ke taruwa a wurin suna aunawa, sai suka ga maganin yana shiga wurin kumburin ya daɗe a can yana aiki bayan ya ragu sosai a jini. Wannan shi ya sa allura ɗaya ko biyu a yini ta isa, kuma shi ya sa maimaita ta da rana don an ga doki bai miƙe ba ƙarin guba ne kawai.

Na ga ƙarshen irin wannan da idona. A wata bazara, cikin Afrilu, an kira ni wata barga a wajen garin Birnin Kebbi a kan wani akawali da aka yi kwana 9 ana yi wa fenilbutazon saboda ɗingishi. Na same shi tsaye a turke ya sunkuyar da kai, harawar da aka zuba masa tun safe tana nan bai taɓa ba, kashinsa ya zama ruwa-ruwa ya ɓata masa wutsiya da cinyoyi. Ƙarƙashin cikinsa ya kumbura tun daga ƙirji har mara, da na danna babban yatsa sai ya bar rami kamar an danna kwaɓin fulawa, ramin bai cike ba sai bayan wani lokaci. Da na buɗe bakinsa na ga ƙananan gyambuna a dasashi da gefen harshe. Mai dokin ya ɗauka sabuwar cuta ce ta shigo bargar. Abin da ya faru shi ne maganin ya ci bangon wani sashe na babban hanji da ke sama ta gefen dama, sashen da ya fi kowane saurin lalacewa da waɗannan magunguna, sai furotin ɗin jini ya riƙa yoyo ta gyambon yana fita da kashi. Furotin shi ke riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini, idan ya yi ƙasa ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙarƙashin fata. Mun dakatar da allura, mun sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, muka mayar da shi kan abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Ya rayu, amma sai da ya haura wata 2 kafin ya fara mayar da jiki, kuma bai yi hawan wannan shekarar ba. Ina tuna shi har yau saboda abin da muka tarar a kofatonsa, wanda zan zo kansa.

Ƙoda ita ce abin da ya fi damuna a ƙasarmu, domin yawancin binciken da na ambata an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi, a kan dawakin da ruwa ke gabansu kullum. A Kabi da Zamfara zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Doki mai kilo 300 yana buƙatar lita 15 zuwa 18 a yini ko da yana hutawa cikin sanyi, a zafi da aiki kuwa buƙatar tana ninkawa ko ta fi haka. Ka dubi ranar hawa: an ɗaura sirdi da jalala da sauran kayan ado tun da hantsi, dokin yana tsaye a rana yana zufa, ga sukuwa, kuma sau da yawa ba ya ganin bokiti sai la'asar. A irin wannan hali furostagilandin ne ke riƙe jini a tsakiyar ƙoda, idan kuwa allura ta rufe su, tsokar wurin tana mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Haɗarin yana ƙaruwa idan ana yi wa dokin jentamaisin, wata allurar kashe ƙwayoyin cuta, a lokaci guda, domin shi ma yana taɓa ƙoda. Dokin da dasashinsa ya bushe, ko fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi duhu, a fara ba shi ruwa kafin a yi maganar kowace allurar kumburi.

Yanzu ga shawarar abokinka. Tun da fuluniksin da fenilbutazon ƙofa ɗaya suke rufewa, haɗa su daidai yake da ninka guda ɗaya ta fuskar illa. Masu bincike a jami'ar Missouri sun gwada haɗin na kwana 5, suka buga sakamako a 2006 da 2008. Gaskiya ne haɗin ya ɗan fi rage ɗingishi a kan fenilbutazon shi kaɗai, kuma wannan ne ke yaudarar mutane, amma furotin ɗin jinin dawakin ya faɗi cikin waɗannan 'yan kwanaki, kuma doki ɗaya ya mutu da ruɓewar babban hanji. Waɗancan dawaki ne da aka auna musu magani daidai, likitoci na tsaye a kansu. Naka ya riga ya sha kwana 6 na wuce iyaka.

Deksametazon kuwa daga wani gida yake, gidan kotizon, kuma ya fi su ƙarfi domin yana tare hanyar tun daga sama, yana kuma danne garkuwar jiki gaba ɗaya. Yana da wuraren da ba a iya yi sai da shi, kamar tarin ƙura mai toshe numfashi ko borin jini mai tsanani, amma idan akwai mugunya a cikin kofato, danne garkuwa yana ba ƙwayar cuta fili ne ta yaɗu. Haɗa shi da fenilbutazon yana ƙara saurin gyambon ciki. Sannan akwai ciwon da duk mai doki ya kamata ya ji tsoro, wato kumburin naman da ke manne kofato da ƙashin cikinsa. Idan wannan naman ya saki, ƙashin yana juyawa ko ya nitse, wani lokaci har ya huda tafin kofaton. A jami'ar Kwinsland ta Ostireliya an nuna a 2007 cewa yawan insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, a cikin jini shi kaɗai yana iya kawo wannan ciwo ga lafiyayyen doki, kuma kotizon yana ɗaga insulin. Dokin da ya fi shiga haɗari shi ne mai ƙiba, mai kaurin wuya, wanda ake ɗura wa gero da dawa da dusa don ya yi kyau a idon jama'a, wato daidai dokin da ake shirya wa Sallah. Alamarsa doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, kofato ya yi zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Masu bincike na wannan jami'ar, Andrew van Eps da Christopher Pollitt, sun nuna a 2004 cewa tsoma ƙafar doki cikin ruwan ƙanƙara ba tare da yankewa ba na tsawon awa 48 yana rage ɓarnar ƙwarai idan an fara da wuri. Ina ba wannan muhimmanci domin abu ne da muke iyawa: dokin da ya kwance ya ci buhun hatsi, ko goɗiyar da mahaifa ta maƙale mata, duka suna cikin haɗarin wannan ciwo, a sayo ƙanƙara a sa ƙafafun cikin roba mai zurfi tun kafin ɗingishi ya bayyana, ana jiran likita.

Ban ce fuluniksin mugun magani ba ne. A ciwon ciki shi ne abin da muka fi dogara da shi, miligiram 1.1 a kowane kilo, kuma kwalbar da aka sani da sunan Banamine ko Finadyne tana da miligiram 50 a sisi. Amma yana da sharuɗɗa biyu da ake yawan karyawa. Na farko, a auna bugun zuciya da zafin jiki a duba dasashi kafin a yi shi, domin yana iya rufe alamomin murɗewar hanji na tsawon awoyi. Lafiyayyen doki zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, zafinsa digiri 37.5 zuwa 38.5. Dokin da aka yi wa cikakkiyar allura ya ci gaba da birgima, ko ciwon ya dawo cikin 'yan awoyi, ba ƙarin allura yake buƙata ba, asibiti yake buƙata, kuma asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba shi da nisa da mu. Na biyu, kada a soka shi a tsoka. Yana lalata naman wurin, sai wasu ƙwayoyin cuta da ba sa son iska su farka a ciki, wuya ya kumbura ya riƙa ƙara kamar busasshen ganye idan an shafa saboda iskar da ta taru a ƙarƙashin fata, kuma dawaki da yawa ba sa tsallake wannan. Fenilbutazon ya fi shi muni a nan, domin ta jijiyar jini kaɗai ake yin sa, ko ɗigo kaɗan ya zuba a gefen jijiyar yana iya ruɓar da fata ya toshe jijiyar wuya. Ka tambayi yaron bargarka ta ina yake yin allurar, ka kuma shafa wuyan dokin da ɗuwawunsa da hannunka. Wanda bai iya samun jijiya ba gara a ba shi na baki, gari ko ƙwaya.

Bincike na baya-bayan nan ya karkata ne ga magungunan da suka fi danne COX-2 su ƙyale COX-1. Meloksikam, miligiram 0.6 a kilo sau ɗaya a yini, yana da wannan halin zuwa wani mataki, firokoksib kuwa, 0.1 a kilo, ya fi shi zaɓe. Anthony Blikslager da ɗalibansa a jami'ar jihar Karolina ta Arewa sun nuna cewa hanjin da jini ya yanke masa na ɗan lokaci yana jinkirin gyara bangonsa idan an ba doki fuluniksin, amma ba ya jinkirin da firokoksib, kuma a gwajin da aka buga a 2019 a kan dawakin da aka yi wa tiyatar murɗewar ƙaramin hanji, magungunan biyu sun kashe ciwo daidai da juna. Ga tsohon doki mai ciwon gaɓɓai da zai daɗe yana shan magani, na fi son meloksikam a kan fenilbutazon. Sai dai ƙoda tana amfani da COX-2 ita ma, saboda haka sharaɗin ruwa bai faɗi ba. Akwai kuma masu ba da omefurazol, maganin gyambon ciki, tare da fenilbutazon suna ganin sun tsare ciki. Yana rage gyambon tumbi, amma ba ya kare babban hanji, har ma wani bincike daga jami'ar jihar Luwiziyana a 2021 ya samu ƙarin matsalolin hanji a dawakin da aka haɗa wa su biyun.

Zancen rufe alamomin cuta haka yake ga zazzaɓi. Allurar kumburi tana sauke zafin jiki ko mene ne ya kawo shi, cutar kaska ce mai fasa jajayen ƙwayoyin jini, ko sammore, ko murar dawaki irin wadda ta ɓarke a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 ta kashe jakuna da yawa. Idan aka yi allura kafin a auna zafi a ɗebi jini, likita yana zuwa ya tarar an share masa sawu.

Mu koma kan ƙafar dokinka. Mafi yawan ɗingishin ƙafar gaba daga kofato yake fitowa, kuma abin da ya fi yawa a ciki shi ne mugunya da ta taru a ƙarƙashin tafin, bayan ƙusa ko ƙaya ko tsakuwa ta huda shi. Akawalin nan na Birnin Kebbi haka ya kasance. Da muka wanke kofaton muka matsa shi da awartaki wuri-wuri, sai ya fizge ƙafa a daidai wani ɗan baƙin tabo da bai fi ƙwayar gero ba. Na bi tabon da wuƙar kofato a hankali, sai wani baƙin ruwa mai wari ya tsarto, kuma kafin mu gama ɗaure ƙafar ya fara ɗora nauyi a kanta. Aikin bai kai minti 15 ba. Idan abin da ke damun naka ke nan, za a buɗe wurin, a riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi da gishiri, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a yi masa allurar kariya daga ciwon sandarewar jiki, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi ta raunin kofato, kuma mai yiwuwa ne ya yi hawan Sallah lafiya lau ba tare da wani maganin ciwo ba. Idan kuwa jijiyar bayan ƙwauri ce ta yage, za ka ji wurin ya yi kauri da ɗumi, kuma maganinsa ruwan sanyi na minti 20 sau biyu ko uku a yini, da ɗauri, da hutun watanni. Lalas da ake yi wa irin wannan ƙafa ƙuna ce aka ƙara a kan rauni, hutun da ake tilasta wa dokin bayanta shi ne ke warkarwa. Akwai kuma tsagewar ƙashi da ba ta rabu ba tukuna, wadda ciwo ne kaɗai ke hana doki ƙarasa ta. A danne ciwon a hau shi a yi sukuwa a gaban fada, ƙafar tana iya karyewa a tsakiyar jama'a da mahayi a kansa. Saboda irin wannan ne hukumomin tseren dawaki suke sa ido a kan maganin, har dokin da ya zo na ɗaya a babban tseren Kentucky na Amurka a 1968, mai suna Dancer's Image, aka ƙwace nasararsa don an sami fenilbutazon a fitsarinsa.

Akwai abu biyu da suka shafi mutanen bargar da kewayenta. Fenilbutazon ya shiga maganin mutane a 1949, daga baya ƙasashe da yawa suka janye shi saboda yana iya hana ɓargo ƙera jini, don haka kada yaran barga su sha shi don ciwon baya, kuma dabbar da aka yi wa shi ba ta shiga abincin mutane. Diklofenak kuwa, wanda wasu ke sayowa a kemis su yi wa doki, shi ne aka tabbatar a 2004 cewa ya kusan ƙarar da ungulayen Indiya da Pakistan, domin suna cin mushen dabbar da aka yi wa allurar sai ƙodarsu ta mutu, har Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushen da aka yi wa magani a binne shi, kada a ja shi bayan gari.

A daren yau, Alhaji, ka sa a ɗaga leɓen dokin a duba dasashinsa ko akwai gyambo ko bushewa, a danna shi da yatsa a ga ko jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. A dubi kashinsa da fitsarinsa da safe, a shafa ƙarƙashin cikinsa. A rage masa hatsi a bar shi da harawa mai laushi da ɗanyar ciyawa idan akwai. Idan likita ya zo, a gaya masa ainihin sisi nawa aka yi da kwana nawa, a nuna masa kwalbar, a roƙe shi ya ɗebi jini a auna furotin da aikin ƙoda, domin ɓarnar hanji takan bayyana ko bayan an daina maganin. Idan ya ga dole a ci gaba da rage ciwo bayan ya gano dalilin, shi zai zaɓi magani ɗaya ya auna shi da nauyin dokin na kwana 3 zuwa 5. Kwana 3 kafin Sallah, ba tare da wata allura a jikinsa ba, a ja shi a ƙasa mai tauri a sa shi sassarfa a miƙe da kuma a zagaye. Idan kansa yana ɗagawa duk lokacin da ƙafar dama ta taɓa ƙasa, a bar shi a turke a ɗaura wa wani sirdin.